Hangen Dala ba shiga birni ba

Daren Alhamis ɗin nan da aka ɗauke wuta har kusan ƙarfe ɗaya, muna zaune a fada bayan ɗakunan kwana, shayi na biyu na bisa gawayi, sai wani kamarad ya zaro waya ya ce mu taho mu ga abin kunya. Na ɗauka wani sabon bidiyon ƴan siyasa ne. Ashe ganuwa ce. Yayansa da ke karatu a ƙasar Sin da bursu ne ya turo masa hotuna: bango mai faɗi kamar titi, jajayen fitilu a jere, samari da ƴan mata na tuƙa keke a kansa. Waya ta zagaya hannu-hannu, kowa na cewa kai! Shi kuwa mai wayar ya gyara zama ya yanke hukunci. Wai Sinawa sun san darajar kakanninsu, mu ba mu sani ba. Wai ga abin da ya rage na ganuwar Birnin Damagaram can ya koma wurin zuba shara, kuma da muna da kishi da tuni an tara kuɗi an tada ta sabuwa fil da siminti, a sa mata fitilu, baƙi su zo su biya su gani.

Ban tanka ba a daren, don na san in na buɗe baki shayi na uku zai huce a banza. Ga amsata a rubuce. Zai karanta, kuma ya san da shi nake.

Ganuwar da ke cikin hotunan ta birnin Shi'an ce (sunayen Sin duka zan rubuta su yadda kunnen Bahaushe ke jin su, masu jin Sinanci su yi haƙuri). Tsawonta ya kusa kilomita 14, tsayinta mita 12, an gina ta cikin shekarun 1370 a farkon daular Ming, kuma tun 1983 aka shiga gyara ta gadan-gadan. Ganuwa ce ta gaske, ba ni da faɗa da ita. Faɗana da darasin da kamarad ya ciro daga hoto. Ya hango Dala daga nesa, ya ce mana ya shiga birni har ya san unguwanni.

Bari in fara ta inda na fi ƙarfi, wato kalma. A Sinanci kalmar da ke nufin ganuwa ita ce ceng, kuma ita ɗin dai ita ce gari. Abin da muke ji a Rediyon Sin ana kira Babbar Ganuwa, su Cangceng suke ce mata, doguwar ceng. Birni na zamani kuwa, mai motoci da benaye, cengshi ne, wato ceng haɗe da shi, ganuwa da kasuwa. Ranar da na fara cin karo da wannan sai da na aje kaye na yi dariya ni kaɗai, don Hausa ta riga ta yi wannan lissafin. Birni a bakin tsofaffinmu bangon ne da kuma garin da ke cikinsa. Shi ya sa ake cewa an zagaye gari da birni. Duk ɗan Damagaram kuma ya san garinsu gida biyu ne tun asali, Birni inda sarki da ganuwa suke, da Zango inda fatake ke sauka. Ganuwa da kasuwa ke nan. Ba wai ina cewa harsunan dangi ne ba, kar wani ya je ya ce na faɗa. Mutane biyu ne da ba su san juna ba suka zauna cikin tsoro iri ɗaya, harshensu ya rubuta tsoron.

Akwai ƙarin abu ɗaya a harafin da ake rubuta ceng da shi. Ɓangarensa na hagu alama ce ta ƙasa, ƙasar da ake takawa ake kwaɓawa. Ba ado ba ne. Yawancin ganuwoyin Sin cikinsu ƙasa ce da aka daddaɓe sahu bisa sahu. Ita kanta ta Shi'an da ƙasa aka tada ta, sai a 1568, kusan shekara 200 baya, aka lulluɓe ta da gasasshen tubali. Don haka mai jin kunyar laka, mai ganin sai siminti ne ci gaba, ya sani abin da ya burge shi a waya tsohuwar ƙasa ce sanye da riga.

Yanzu mu zo ga maganar sanin darajar kakanni. Babban birnin Sin, Bejin, wanda aka koya mana da Pekin a lakwal, yana da ganuwar da ta fi ta Shi'an girma nesa ba kusa ba. Ta ciki kaɗai ta kai kilomita 24, da ƙofofi tara, ga kuma ta waje da ƙofofinta bakwai. A 1949, lokacin da ƴan kwaminis suka karɓi mulki, tana tsaye kusan cikakkiya. Ina take yau? Ba Turawa suka rushe ta ba, ba Japanawa ba. Gwamnatin Sin ce da kanta, da hannun ƴaƴanta, ta ɓare ta cikin shekarun 1950 da 1960. A 1965 aka fara haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka bi sawun ganuwar ciki, daga baya aka shimfiɗa babban titin da ya kewaye tsohon birnin a daidai inda take.

Kuma ba a ce babu wanda ya yi magana ba. Wani masanin gine-gine, Liyang Siceng, shi da abokin aikinsa Cen Janshiyang, sun rubuta shawara a 1950: a bar tsohon birni yadda yake, a gina ma'aikatun gwamnati a yamma da shi. Liyang har zana yadda za a mayar da saman ganuwar lambun shaƙatawa ya yi, mutane su hau su sha iska da yamma, wato ainihin abin da kamarad ya gani a hoton Shi'an ya ce kai. Aka yi watsi da shawarar. A 1955 aka taso shi gaba da suka, a Juyin Al'adu aka wulaƙanta shi, ya rasu a 1972 ganuwar ta riga shi tafiya. To, wane Basinen ne ya san darajar kakanni, Liyang ko waɗanda suka kore shi? Duka Sinawa ne. Maganar "Sinawa kaza, mu kaza" a nan take faɗuwa warwas.

Ba zan yi rashin adalci ga masu rushewar ba. Ba mahaukata ba ne. Birni na cika, ƙofofi ƴan ƙalilan, motoci na cushewa, talakawa na neman abin gina ɗaki, ga miliyoyin tubala jibge ba sa yi wa kowa aiki. Ga kuma mutanen da suka fito daga juyin juya hali, ganuwa a idonsu bangon sarakuna ne da ya raba fada da talaka. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa na neman tubalin toshe ɗaki kafin damina zai gane wannan hujja. Sai dai shekara 47 bayan sun rushe ƙofar Yondinmen a 1957, sai ga su a 2004 suna sake gina ta da sabon tubali. A farkon shekarun 2000 kuma suka yi ta kira ga jama'a, duk mai tsohon tubalin ganuwa a bangon gidansa ya taimaka ya maido, don a ɗinke ɗan guntun kilomita ɗaya da rabi da ya tsira. Sabuwar Yondinmen ta yi kyau a hoto, har ta shiga jerin UNESCO a 2024 tare da sauran gine-ginen tsakiyar birnin. Wannan bai ƙara wa tubalinta shekara ko ɗaya ba.

Abin da ya tsira a Bejin ba tare da an kashe masa ko dala ba, suna ne. Ka hau jirgin da ke bin sawun ganuwar, tashoshinsa su Cunwenmen ne, su Shuwanwumen, su Dunjimen, su Shijimen, su Andinmen. Men ɗin nan da ke ƙarshe ƙofa ke nan. Kullum ɗimbin mutane na sauka a ƙofofin da babu su. Wanda ya san Kano ya san wannan, ana ce maka mu haɗu Ƙofar kaza ko da ba wata tsohuwar ƙofa a wurin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

In da yayan kamarad zai ji tawa, da ya bar keken Shi'an ya hau jirgi zuwa Nanjin, ya matsa kusa da bango har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya ɗauko mana hoton tubali ɗaya tak. Wannan ganuwar ce nake so mu yi magana a kanta, don ita ce ke da abin koyarwa.

Wanda ya sa aka gina ta, Ju Yuwanjang, ɗan manoma ne fuƙara'u. An haife shi a 1328, kuma sunansa na yanka Cungba, wanda ma'anarsa takwas biyu ce kawai, don talakawan zamanin sau da yawa lamba ake sa musu a madadin suna. Yunwa da annoba suka kashe iyayensa yana ɗan shekara 16, ya shiga gidan ibadar Buda don ya samu abin ci, ya yi yawon bara, daga nan ya faɗa cikin ƴan tawaye. A 1356 ya ci Nanjin. A 1366 ya sa aka fara ganuwa, a 1368 ya naɗa kansa sarki ya kafa daular Ming. Aikin ya ci fiye da shekara 20 da mutum sama da dubu 200. Tsawonta ya kai kilomita 35, a wasu wurare tsayinta ya haura mita 20, da ƙofofi 13. Ba ta da kusurwa huɗu irin na sauran biranen sarauta. Tana bin tudu da tafki da rafi yadda ƙasa ta ba ta. Kusan kilomita 25 na tsaye har yau.

Tubalan da aka yi aikin da su ɗaruruwan miliyoyi ne, kowane ɗaya kusan santimita 40 a tsawo, 20 a faɗi, 10 a kauri, nauyinsa wajen kilo 20. Nanjin ita kaɗai ba za ta iya gasa su ba. Sai aka raba aikin ga gundumomi fiye da ɗari a yankunan da a yau suke jihohi biyar, Jiyangsu, Anhuwi, Jiyangshi, Hubei da Hunan, aka riƙa loda su a jiragen ruwa ana gangarowa da su ta kogin Yangtse da rassansa. Shi ya sa launinsu ba ɗaya ba ne. Yawanci toka-toka ne, amma akwai farare tas daga Yuwanju ta Jiyangshi, inda ƙasar wurin irin wadda ake yin tangaran da ita ce.

To ga matsalar sarki: ta yaya za ka tabbatar mutumin da ke gasa tubali a wani ƙauye mai nisan tafiyar wata guda bai cuce ka ba? Ju Yuwanjang ya san talaka, ya san ma'aikacin gwamnati, kuma bai yarda da ko ɗaya ba. Sai ya ɗauko wata tsohuwar ƙa'ida ta Sin, wadda ke cewa a rubuta sunan mai aiki a jikin abin da ya yi, ya tsananta ta. Kafin tubali ya shiga wuta, tun yana ɗanye, ana buga masa rubutu a gefe. Sunan babban jami'in lardi da magatakardansa. Sunan jami'in gunduma da nasa magatakardan. Sannan shugabannin ƙungiyoyin aiki na ƙauye, babba da matsakaici da ƙarami. Sannan mai gashi. Can ƙarshe, leburan da ya kwaɓa ƙasar. A wasu tubalan matakan sun kai tara. In tubali ya iso Nanjin aka ƙwanƙwasa shi bai yi ƙara mai kyau ba, ko ya fashe, ba a buƙatar bincike. Jerin masu laifi na jikinsa, daga sama har ƙasa.

Kar mu yi wa abin kwalliya. Ba don girmama lebura aka rubuta sunansa ba, don a san wuyan da za a kama ne. Aikin tilas ne, irin wanda kakanninmu suka ɗanɗana a zamanin Nasara, a raba mutum da gonarsa ya je ya gasa wa sarki tubali, in bai yi kyau ba ya sake, in ya sake bai yi ba hukunci mai tsanani na jiransa. Wanda ya ce ganuwar Nanjin shaida ce ta haɗin kan al'umma da kishin ƙasa, ya je ya faɗa wa matar mai gashin da ta yi noma ita kaɗai a shekarar.

Amma ku dubi abin da ya faru bayan shekara 600. Littattafan tarihin daula sun rubuta sarakuna da waziransu da janar-janar, ba su san da lebura ba. Bangon da aka gina don tsare sarki shi ya adana sunayen dubban talakawa da ba su bar komi a duniya ba, ko kabari. Masu bincike a yau suna bin tubalan ɗaya bayan ɗaya suna kwafe rubutun. Daga ciki suna gano sunayen gundumomin da aka soke ko aka sauya musu suna, da sunayen iyali da inda suke zaune a ƙarni na 14, da yadda aka tsara ƙauye don karɓar aiki da haraji. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hannun masu rubutun. Wasu hannun malamai ne, tsaf-tsaf. Wasu kuwa a karkace, hannun mutumin da ya koyi harafi kaɗan a gefen aiki. A irin waɗannan ana samun haruffan da aka taƙaice, aka rage musu zane, yadda ƴan kasuwa da talakawa ke yi don sauri. Gwamnatin Sin ba ta amince da sauƙaƙan haruffa a hukumance ba sai 1956. Tubalin ya nuna jama'a sun riga hukuma da kusan ƙarni shida. Mu da muke ta jayayya a aji kan daidaitacciyar Hausa da Hausar bakin mutane, kan wanda ya isa ya ce ga yadda ake rubuta kalma, ai wannan tamu ce.

Ɗan abin dariya, ga masu kallon fim ɗin Sin: a jikin wani tubali daga Jiyangshi an samu sunan Liyu Dehuwa, wanda shi ne sunan Sinanci na ɗan wasan nan na Hong Kong, Andi Lau. Ƴan yawon buɗe ido na tururuwar neman tubalin. Wancan Liyu Dehuwan na farko bai taɓa sanin zai yi farin jini ba. Shi dai fatansa kar tubalinsa ya fashe.

Ta tsare garin kuwa? Wani lokaci. A 1402, shekara huɗu kacal bayan rasuwar wanda ya gina ta, ɗansa Ju Di ya taso da yaƙi daga arewa don ƙwace sarauta daga hannun jikan da aka naɗa. Bai fasa ko tubali ɗaya ba. Wani ɗan sarki da wani babban janar suka buɗe masa ƙofar Jincuwan daga ciki. Da ɗan gari akan ci gari, Sinawa ma sun sani. A Disamban 1937 kuma sojojin Japan suka zo da igwa da jiragen sama, garin ya faɗi ranar 13 ga wata, aka yi makonni ana kashe mutane da yi wa mata fyaɗe. A daren faɗuwar, bangon da aka yi don hana shiga ya hana fita: jama'a da sojoji masu gudu suka cushe a ƙofar da ke fuskantar kogi, aka tattake na tattakewa. Ƙofar Jonghuwa ta kudu, mai ɗakunan ɓoye sojoji 27 a cikin kaurinta, tana tsaye, kuma akwai sassan bangon da har yau tabon harsashi ke jikinsu. Wannan ma gado ne. Sabon siminti ba shi da tabo.

Ita ma Nanjin saura ƙiris ta bi Bejin. A tsakiyar shekarun 1950 aka fara ɓare ta ana kwasar tubali. Wani malami, Ju Shiye, mataimakin shugaban ma'aikatar al'adu ta jihar Jiyangsu, ya tsaya a 1956 ya yi ta rubutu da ƙorafi har a jarida, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka ceci ƙofar Jonghuwa. Ladarsa? A 1957 aka laƙaba masa sunan maƙiyin juyin juya hali aka tuɓe shi. Ya mutu a 1968, a tsakiyar azabar Juyin Al'adu. Kilomita goman da suka tafi sun watsu cikin bangon gidaje da makarantu da masana'antu, har a 2016 hukumomin birnin suka buɗe kamfe na neman a nuna musu inda tsofaffin tubalan suke, da tukuici ga wanda ya nuna. A ƙarshen 2021 aka buɗe gidan tarihi na ganuwar kusa da ƙofar Jonghuwa, inda aka jera ɗaruruwan tubala a bango kamar littattafai a kanta, rubutunsu na fuskantar mai kallo. Kun ga, abin da suka ƙare suna nema ido rufe shi ne tsohon tubalin mai suna. Sabo ai suna da masana'antar da za ta gasa musu miliyan cikin mako.

Shawarar kamarad kuwa, a tada sabuwa fil a sa fitilu, an gwada ta a Sin, kuma ya kamata ya san yadda ta kaya. Datong birni ne na gawayin ƙasa a jihar Shanshi, mai tsohuwar ganuwar Ming da ta zaizaye ta koma tudun ƙasa, gidaje sun manne mata ta ko'ina. A 2008 aka kawo magajin gari mai suna Geng Yanbo, ya ce zai mayar da garin tsohon birni don baƙi su zo. Aka rushe dubun-dubatar gidaje, aka kwashe mazaunansu, aka lulluɓe abin da ya rage da sabon tubali, inda babu komi aka gina daga tushe, kilomita bakwai da ɗoriya, aka haɗe zoben a 2016. Garin ya shiga bashi mai nauyi. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: da aka ɗauke Geng a 2013, mutane da yawa sun fito titi suna roƙon a bar musu shi, don wasu sun samu gidaje masu ruwa da wuta a madadin ɗakunan da suke ciki, wasu kuma na tsoron a bar aikin rabi da rabi bayan an rushe musu muhalli. Ban ce bai yi wa garin komi ba. Na ce abin da ya gina ba shi da bakin da zai ba ka labarin 1372. Ka kanga kunne a jikinsa, labarin ɗan kwangila za ka ji. Kuma Datong na da gawayi da gwamnatin tsakiya mai aljihu. Mu wa zai biya mana, kuma gidan wa za a fara rushewa a Birni? Na tsohuwar da kakanninta suka kwaɓa ƙasar ganuwar ta farko?

Washegarin waccan hira na tare kamarad a bakin amfi na ce masa, wa ya gina ganuwar Damagaram? Ya ce Sarki Tanimun mana, tsakiyar ƙarni na 19, wannan ai ko ɗan firamare ya sani. Na ce shi da hannunsa? Ya yi dariya. Na ce to su wa? Su wa suka haƙo ƙasar, su wa suka ɗebo ruwan kwaɓi a garin da har yau ruwa ke ba mutane wahala, daga waɗanne ƙauyuka aka koro su, bayi nawa ne a ciki, tunda kowa ya san Damagaram ta wancan zamani daula ce mai bayi da yawa? Ya ce wannan kuma sai Allah.

Ba sai Allah kaɗai ba, kamarad. In ka tambayi ɗan Nanjin wa ya gina ganuwarsu, shi ma zai ce Ju Yuwanjang, amma bangon da kansa zai ƙaryata shi da dubban sunaye. Namu tubalin na hannu ne, ba a gasa shi ba, ba a buga masa hatimi ba, ruwan sama na cinye shi kowace damina. Rubutunmu yana wani wuri: a bakin zuri'ar magina, a kirarin gidaje, a sunayen unguwanni da lunguna, a labaran da tsofaffi ke faɗa da ƙaramar murya kan abin da aka binne cikin bangon, a cikin takardun ajami da ke naɗe cikin gafaka a zaurukan malamai. Irin abin nan ne da ya tsira a Bejin bayan an share bango, sai dai namu ba a rubuta shi a allon tashar jirgi ba, yana cikin ƙirjin mutane masu shekara 80. Wannan ganuwar ita ke rushewa da sauri, kullum aka yi jana'iza a Birni wani sashe ya zube, kuma babu wanda ke turo hotonta a waya don a ce kai.

Ban hana a kare guntayen da suka rage ba. A kewaye su, a hana zuba shara, a kira magina na gargajiya su yi musu yaɓe da ƙasa irin tasu, kamar yadda ake yi wa kowane ginin laka in ana son ya daɗe. Tun 2006 tsohon garin Damagaram ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana jira, Agadas kuma ta shiga jerin gaske a 2013 da gine-ginenta na ƙasa, ba da siminti ba. Amma mu ɗalibai ba mu da kuɗin yaɓe, balle na fitilu. Bursun ma sai ta ga dama take zuwa. Abin da muke da shi waya ce mai ɗaukar murya, da kunne, da Hausa, wasunmu da Barebari da ajami. Wayar da ta zagaya fada a daren nan, da hotunan Shi'an a cikinta, za ta ɗauki awa ashirin na maganar tsoho ba ta cika ba.

Ni hutun nan ina Damagaram. Na riga na yi magana da wata gwaggona da ke aure a Birni, ta ce akwai wani tsohon magini a lungunsu, idonsa ya tafi amma kansa garau, kuma yana son baƙi in za su zo da goro. Na tsara tambayoyi goma sha biyu a kaye, ta farko ita ce sunan wanda ya koya masa gini, da sunan wanda ya koya wa wancan, har inda ya iya kaiwa. Ina buƙatar mutum biyu, ɗaya mai karanta ajami da kyau, ɗaya mai waya da batirinta ke riƙe caji. Kamarad, taka na riƙewa, na gani da idona ranar da aka ɗauke wuta. Kuɗin mota kowa ya nemi nasa, goro ni zan saya.